Caprice ta 1978 a garejinmu: inji lita 5.7 amma doki 170 kacal?

Yaron Gareji:
Assalamu alaikum 'yan uwa, barkanmu da warhaka. Don Allah masana inji ku taimaka min. Shekaranjiya wani Alhaji ya sa aka jawo mana wata tsohuwar mota garejin ogana, Chevrolet Caprice ce ta 1978, ta marigayi mahaifinsa ce, ta fi shekara ashirin a ajiye a cikin gida an lulluɓe ta da tamfol, yanzu yana so a tashe ta don tunawa da tsohon. Da muka ɗaga bonet wlh sai da na tsaya ina kallo, V8 ne, silinda takwas, wanda suke ce wa 350. Na duba a waya na ga lita 5.7 ke nan amma wai ƙarfinsa doki 170. To abin da ya ɗaure min kai, Camry Muscle mai silinda huɗu lita 2.4 da muke gyarawa kullum doki 158 gare ta. Ya za a yi inji ya ninka wani girma har da ɗoriya amma tazarar doki 12 ce kawai? Oga ma cewa yake a sauke shi a ɗora na Toyota a huta. Me kuka gani?

Dan Panteka:
Wa alaikumus salam. Oganka ya yi gaskiya ƙanena, a sauke. Girman banza ne da shan mai, da kuɗin fetur na yanzu Alhajin nan sau biyu zai fita da ita ya mayar da ita ƙarƙashin tamfol.

Baba Direba:
Kai Dan Panteka ka taɓa tuƙa irinta kuwa? Ni na tuƙa, kuma duk wanda ya je aikin Hajji a shekarun baya ya ga Caprice da GMC cike da titunan Jidda da Makka, a cikin zafin nan, maƙil da mutane da kaya. Motar nan ba sai ka matse totur ba, ɗan taɓawa za ka yi ta ɗauka kamar ba ta ɗauke da komai. Camry sai ta yi ihu kafin ta yi abin da wannan za ta yi tana numfashi a hankali. Yaro kar ku sauke injin nan.

Injiniya Zazzau:
Abin da Baba ya ji a ƙafarsa yana da lissafi. Ƙanena, doki ba shi kaɗai ake dubawa ba, akwai ƙarfin murɗawa, wato tok. Wannan 350 ɗin naku yana ba da wajen 270 lb-ft tun yana zagaye 2400 a minti. Camry ɗin da ka ambata 161 lb-ft take bayarwa kuma sai ta hau 4000. Shi doki ai lissafi ne kawai, ka ninka tok da zagayen inji ka raba da 5252. Saboda haka ƙaramin inji yana samun dokinsa ne ta hanyar juyawa da sauri, babban kuma yana da ƙarfinsa tun daga ƙasa ba ya buƙatar hawa sama.

Shi kuma 350 ɗin ba suna ba ne aka raɗa masa, awo ne. Amurkawa da inci suke aunawa. Faɗin ramin silinda inci 4.00, tafiyar fistin daga sama zuwa ƙasa inci 3.48. Ka yi 4 sau 4 sau 0.7854 sau 3.48 sau 8, zai ba ka 349.8, suka cike shi 350. Kowane inci kubik 61 lita ɗaya ne, ka raba ka ga 5.7 ta fito. Duk lambobin nan da kake ji, 289, 327, 396, 426, 454, haka suke.

Dan Panteka:
Na ji Injiniya, amma ko da tok ɗin, doki 30 a kowace lita ai rauni ne, a faɗi gaskiya.

Bahaushen Detroit:
Rauni ne, amma ba haka aka haife shi ba, shaƙe shi aka yi. Bari in ba ku misali da inji ɗaya tak, shi dai wannan 350 ɗin. A 1970 akwai nau'insa da ake kira LT-1 a cikin Corvette, matsinsa (yadda fistin ke matse iska da mai a silinda) 11 da 1, doki 370. A 1971 GM, kamfanin da ke da Chevrolet, ta rage matsin injinanta gaba ɗaya don su iya shan fetur mara dalma, LT-1 ya koma 9 da 1, doki 330. A 1972 sai ga shi an rubuta 255. Zuwa 1975 350 na yau da kullum na Corvette doki 165 ne. Bulok ɗaya ne fa, faɗin rami ɗaya, tafiyar fistin ɗaya.

Abubuwa ne suka haɗu musu. Dokar tsaftar iska ta 1970, sai kamfanonin inshora suka tsawwala wa matasa masu manyan injina kuɗi, sai takunkumin man Larabawa na 1973 da ya sa layin mai a gidajen mai a nan, sai katalis, wato abin tace gubar hayaƙi, a salansa daga 1975 wanda ba ya jituwa da dalma ko kaɗan. Lokacin kuma babu birenbos (kwamfutar inji) da injekta irin na yanzu da za su daidaita komai, to hanyar da suka samu ita ce a rage matsi, a ja tayimin baya, a sa kamshaf mai sanyi, a tsuke salansa. Caprice ɗinku a tsakiyar wannan zamanin aka yi ta.

Injiniya Zazzau:
Ƙari a kan maganar ɗan'uwa na Detroit, faɗuwar nan ta 330 zuwa 255 ba duka ba ce ta gaske. Kafin 1972 inji tsirara suke aunawa a kan benci, ba abin tace iska, ba salansa ta mota, ba fanka, an saita tayimin yadda zai fi ba da lamba. Daga 1972 suka koma auna shi da duk kayansa kamar yadda yake a mota. Shi LT-1 na 1971 ɗin da aka ce 330, a sabon awo 275 ne. Don haka in ka ga doki 400 a takardar 1969 kar ka ɗora shi kai tsaye a kan na motar yau.

Mai Mustang A Zuciya:
To ai kun ga shi ya sa nake cewa labarin Chevrolet zuzutawa ce ta yi yawa. Ford ne ya kawo wa talaka V8 tun 1932, inci 221 doki 65, lokacin Chevrolet na fama da silinda shida. Kuma wa ya je tseren Le Mans ya ka da Ferrari a 1966? Ford 427 a cikin GT40, na ɗaya na biyu na uku. 289 na Mustang mai lamba K doki 271 daga lita 4.7 kawai, tafiyar fistinsa inci 2.87, gajere, shi ya sa yake son hawa sama. Ni a ba ni wannan a kan 350 goma.

Oga Kofar Ruwa:
Malam mai Mustang, na 1932 ɗin da kake yabo ka san ciwonsa kuwa? Bawul ɗinsa a jikin bulok suke ba a tof silinda ba, shi ya sa ake ce masa mai shafaffen kai. Hayaƙin salansa sai ya ratsa ta cikin bulok tsakanin silindoji kafin ya fita, yana dafa ruwan lagireto a hanya. Famfon ruwa biyu gare shi amma duk da haka zafi shi ne halinsa. Mital uku ne kawai ke riƙe da karanshaf. Tarihi kam ya kafa, ba musu, har 1953 suna yin sa a Amurka, amma a kawo shi Kano a watan Afrilu a gani.

Shi kuwa ƙaramin bulok na Chevrolet da ya fito a 1955 da inci 265, ƙarƙashin injiniya Ed Cole, abin da ya sa makanikai ke son sa shi ne sauƙi. Roka ɗinsa farantin ƙarfe ne aka buga aka ɗora kowanne a kan sandarsa, ba doguwar shaf. Tazarar tsakiyar silinda zuwa silinda inci 4.40 ce kuma ba su canza ta ba daga 265 zuwa 283 zuwa 327 zuwa 350 har 400, shi ya sa kaya da yawa na wannan ke hawa kan wancan. Sun ƙera sama da miliyan 100 na zuriyarsa. Ka ga kuwa kayan gyara ba za su yanke ba.

Mai Mustang A Zuciya:
Oga na yarda da maganar zafi. Amma dilko, mai raba wa fulogi wuta, a bayan inji fa? Sai ka kwanta a kan mota kafin ka saita tayimin. Na Ford a gaba yake, ka miƙa hannu kawai.

Oga Kofar Ruwa:
Wannan kam ka ci ni, bayana ya shaida.

Na Maradi:
Sannunku da hira. Ni tambayata a kan Hemi ce, kullum ina jin sunan, mene ne ya bambanta shi da sauran? Naga duka V8 ne.

Bahaushen Detroit:
Ɗan'uwa na Maradi, sunan daga siffar ɗakin ƙonewa ne, wato ramin da ke cikin tof silinda inda wuta ke tashi. Nasa kamar an kifa ƙwarya yake, rabin ƙwallo. Bawul na shiga yana gefe guda na fita yana ɗaya gefen suna kallon juna, fulogi a tsakiya. Amfaninsa za ka iya sa manyan bawul kuma iska ta shiga ta wuce kusan a miƙe. Chrysler ta fara a 1951 da inci 331 doki 180. Amma wanda ake ta magana shi ne 426, rami inci 4.25 tafiya 3.75, lita 7. A 1964 ya shiga tseren Daytona 500 Richard Petty ya ci da shi kuma motoci masu Hemi ne suka kwashe na ɗaya zuwa na uku, sai hukumar tseren, NASCAR, ta hana shi a 1965 sai in ana sayar wa jama'a. Dalilin da ya sa aka yi na titi ke nan daga 1966 zuwa 1971, kafireta biyu kowace mai maƙogwaro huɗu, matsi 10.25, doki 425, tok 490. Saboda faɗin kansa giwa suke ce masa. In ka gan shi ido da ido a wajen baje kolin tsofaffin motoci murfin bawul ɗin kaɗai ya isa ka gane shi, wayoyin fulogi ta tsakiyarsa suke shiga.

Baba Direba:
Tsaya tsaya, fulogi ta tsakiyar murfi? Ai haka 504 ɗinmu ta Kaduna take, sai da doguwar sifana kake kai wa fulogi ta cikin bututu.

Injiniya Zazzau:
Wallahi Baba ka gano. Injin Peugeot 404 da 504 shi ma ɗakin ƙonewarsa irin ƙwaryar nan ce, da fushrod da roka, an kwantar da shi gefe. Duk bakaniken da ya ɗaure tafet na 504 ya riga ya san tsarin, bambancin silinda huɗu ne da lita biyu maimakon takwas da lita bakwai. Kuma akwai wani ɗan Amurka da ya daɗe a garejojinmu ba mu sani ba. V8 na tsohuwar Range Rover mai lita 3.5 asalinsa Buick 215 ne na alminiyom, GM ta yi shi daga 1961 zuwa 1963 ta bari, Rover na Ingila suka saya a 1965.

Dan Panteka:
To in Hemi ya kai haka me ya sa ba kowa ya koma yin sa ba?

Bahaushen Detroit:
Tsada da nauyi da wahalar saiti. Shaf ɗin roka biyu a kowane kai, fistin mai tudu, kafireta biyu da sai gwani. Mutane da yawa 440 suka saya, doki 375, ko mai kafireta uku da suke kira Six Pack doki 390, ya fi araha kuma a yawon gari ba ya ba ka ciwon kai. Su Chevrolet da Ford kuma suka bi tsakiya, suka karkata bawul ɗin kaɗan, kamar a 396 da 427 da 454 da kuma 351 Cleveland. 454 LS6 na Chevelle 1970 doki 450 tok 500. Buick 455 Stage 1 na shekarar tok 510 tun a zagaye 2800. Cadillac kuma ta yi inci 500 cif, lita 8.2, doki 400 a Eldorado ta 1970, amma zuwa 1976 shi ma ya dawo 190. Ka ga ba Caprice ɗinku kaɗai abin ya shafa ba.

Yaron Gareji:
Kai na gode sosai, wlh na ƙaru. Wata tambaya, ƙarar nan tasu mai gurnani kamar ana buga ganga, daga salansa ne ko daga inji? Don na ji V8 na Ferrari a bidiyo shi kuka yake ba gurnani ba.

Injiniya Zazzau:
Daga karanshaf ne. Na Amurka in ka kalle shi ta baki kamar alamar tarawa yake, hannayensa sun kalli kusurwa huɗu. Wuta na tashi daidai duk digiri 90, amma in ka ɗauki ɓangare ɗaya na injin za ka ga ba a jere take ba. Duba naku, 1-8-4-3-6-5-7-2, silinda 1, 3, 5, 7 suna hagu wajen direba, 2, 4, 6, 8 suna dama. Ka ga 8 da 4 sun tashi a jere duk a dama, 5 da 7 a jere duk a hagu. Wannan cin karon a bututun salansa shi ne gurnanin. Na Ferrari karanshaf ɗinsa shimfiɗaɗɗe ne, hagu dama hagu dama, kamar injin silinda huɗu guda biyu. Shi kuma tsalle tsallen da wasu ke yi a silo kamar za su mutu, wannan kamshaf mai zafi ne da ke barin bawul biyu a buɗe tare na ɗan lokaci, naku ba zai yi haka ba.

Hajiya Mai Sufuri:
Ni ba bakanika ba ce, motocin haya nake da su, amma ina bin hirar nan tun safe. Ku gaya wa Alhajin gaskiya a kan mai don kar gobe ya ce an cuce shi. Sannan in don tuna mahaifinsa yake so, to sautin da ya saba ji yana yaro in baban ya dawo gida ai a injin yake. In kun sa na Toyota kun ba shi gangar jiki ne kawai.

Dan Panteka:
Hajiya wannan kuma gaskiya ne, ta nan ban duba ba. Amma a kan mai ina nan a kan bakata. Kuma fetur ɗin yanzu babu dalma, zai cinye masa mazaunin bawul.

Oga Kofar Ruwa:
A'a, wannan matsalar ta injinan shekarun 1960 ce da kafin nan, su ne dalma ke yi wa mazaunin bawul matashi. Ta 1978 dama don fetur mara dalma aka yi ta, kuma da matsinta takwas da ɗan ɗoriya man gidan mai na yau da kullum ya ishe ta. Maganar sha kuma, kafiretarta Quadrajet ce, maƙogwaro huɗu, biyu na gaba ƙanana biyu na baya manya. In kana tafiya a hankali ƙananan ne kawai ke aiki, sai ka nutsa ƙafa na bayan su buɗe ka ji ta yi wani irin nishi. Tana sha, ba zan ɓoye ba, amma yawancin waɗanda ake cewa rijiya ce kafiretar ce ta lalace aka yi mata gyaran ganganci.

Yaro saurara da kyau, ka kai wa oganka wannan. Kar ku sa batir ku murɗa ki. Ku cire fulogi takwas ɗin, ku zuba ɗan baƙin mai a kowane rami ya kwana biyu, sannan ku juya inji da hannu ta kan fuli. In ya zagaya lafiya ku zubar da tsohon mai, sabon filta, ku zare dilko bayan kun yi masa alama, ku sa sanda a kan famfon mai ku juya da dirila har mai ya fito a kan roka duka sha shida. Tanki a sauke a wanke, fetur na shekara ashirin ya zama danƙo. Tiyon mai da na ruwa duk a canza. Wayar fulogi ta 5 da ta 7 kar a haɗa su a jere suna gogar juna, wuta na tsallakawa. Sannan ku ajiye sifanunku na milimita, notin injin nan na inci ne, ku nemo 1/2 da 9/16 da 5/8, in kuka matsa wa wasu da sifanar da ba tasu ba za ku murje kan notin ku shiga uku.

Bahaushen Detroit:
A ƙara da baƙin mai. Tafet ɗinsa mai shafaffen gindi ne yana gogar kamshaf kai tsaye, ba mai taya ba, yana son mai da sinadarin zinc a ciki da yawa, man motocin zamani kuma an rage musu shi saboda katalis. Nan masu tsofaffin motoci da yawa 15W-40 na dizal suke sawa ko su sayi na musamman. In kamshaf ya cinye za ku ji yana tari ta kafireta. Kuma ku buɗe murfin tayimin, cen ne ba bel ba, amma haƙoran giyar sama a shekarun nan roba aka lulluɓa musu don rage ƙara, in ta tsufa farfashewa take ta zube cikin sam, wato kaskon baƙin mai, ta toshe rariyar famfon mai.

Mai Mustang A Zuciya:
Na Ford ma suna da wannan robar, ba zan yi ƙarya ba.

Yaron Gareji:
Salam, na dawo da labari. Na karanta wa oga duk abin da kuka rubuta, da farko ya yi shiru sai ya ce a kira Alhaji, Alhaji ya ce shi dai a bar masa injin babansa ko nawa ne. Mun jiƙa silinda tun ranar Talata, jiya muka juya da hannu ya zagaya sumul ba inda ya kama. Da muka sauke sam kuwa wlh ga gutsattsarin roba nan ruwan ƙasa cike da rariya kamar yadda yayanmu na Detroit ya faɗa, cen ɗin ma ya saki har yana taɓa murfi. Da mun tashe ta haka da mun kashe mital. Oga Kofar Ruwa ana samun cen da giyarsa a wajenku ko sai an aiko daga Legas?

Oga Kofar Ruwa:
Alhamdulillahi. Ka cire tsohon ka zo min da shi gobe bayan azahar mu zaga wajen masu kayan GMC da Suburban, na 305 da 350 na shekarun duk ɗaya ne. In ba mu samu ba a kira Ladipo. Ka ce mai haƙoran ƙarfe kake so sama da ƙasa, kuma ka taho da gasket ɗin murfin da sil na gaba mu gwada.